Bindigar Gwanjo, Daga Ƙofar Bebeji Zuwa Dajin Falgore

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin ƙananan bindigogin soja, irin waɗanda ake ratayawa a ƙugu, watau libarba da 'yan'uwanta. Wadda suka fi ƙauna ita ce mai lamba M1911, domin ita sojansu suka riƙe tun daga 1911 har 1985. Idan ta tsufa sai a mai da ita ma'aikatar makamai, a kwance ta, a sake mata abin da ya lalace, a buga mata hatimi. Daga 2018 aka fara sayar wa talakawan ƙasar ragowarta, bayan an bincika halin mai saye. Mai tara su yakan duba lambar da hatimin kamar yadda malami ke duban hannun marubuci a tsohon littafi.

Yanzu da hotunan irin waɗannan ke yawo cikin wayoyin samari, wani ɗan kasuwa zai iya zaton haja ce kamar kowace haja. To, kafin ya sa kuɗinsa, ya kamata ya ji labarin tsohuwar bindigar soja a ƙasar Kano, gama ba baƙuwa ba ce.

Tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Da yawa daga cikin waɗanda fatake suka riƙa kawowa daga baya gwanjon soja ne. Idan rundunonin Turai suka sami sabon makami, sai su sayar da tsohon. Maƙeran Barmingam ta Ingila da na Liyej ta Beljiyam su gyara shi, a ɗora a jirgin ruwa zuwa bakin tekun Afirka. Sa'an nan a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasel, suka hana sayar wa mutanen wannan yanki bindiga ta zamani, sai mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ashe dai abin da ya iso hannun sarakuna, yawancinsa abin da masu shi suka riga suka yar ne.

Mutanen kudancin Kano sun san amfanin makami tun da daɗewa, domin su ne ke fuskantar harin Ningawa, kuma Tudun Wada ribaɗi ce da ke tsare wannan gefen. Amma ranar da aka ga bambancin gwanjo da sabo, a Bebeji aka gan shi. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja sama da 700, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Da suka iso Bebeji aka rufe musu ƙofa, aka ƙi buɗewa. Harsashin igwa ya fasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da waɗansu manyansa. Ran 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi, alhali Sarki Alu yana kan tafiyar Sakkwato. Ba ƙarfin zuciya suka rasa ba, makamin hannunsu ne ya riga ya tsufa tun kafin ya iso gare su.

Bayan zuwan Turawa sai bindigar toka ta koma hannun maharba da 'yan bindigar Sarki masu bugawa ranar hawan Salla. Maƙera suka gwanance wajen gyaranta, su sake mata ƙota, su ɗaure bakinta, har ta wuce daga kaka zuwa jika. Irin wannan bindiga, da ita da sulke da takobi, shaidun tarihi ne, kuma wanda yake son ganin tsofaffin kayan yaƙi yana iya zuwa Gidan Makama cikin birnin Kano. Wanda ya gāji irinta, abin da ya fi kyau shi ne ya rubuta sunan mai ita na farko da inda ta fito, ya nemi lasin idan zai ajiye ta, ko kuwa ya miƙa ta gidan tarihi. Kada kuma ya ɗura mata albarushi don gwaji, gama tsohon ƙarfe yakan tsage ya cinye hannun mai harbi.

Amma fa libarba hukuncinta dabam ne. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta. Bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, Sufeto Janar. Kashi na uku shi ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta lissafa libarba da kowace ƙaramar bindiga, ko da mai ƙanƙara ce ta zamanin dā, jere ɗaya da bindigar soja da igwa. Hukuncin wanda aka kama da ita ɗaurin shekara goma ne ko fiye. Tsufanta ba ya cetonsa, haka kuma faɗar cewa don ado ya ajiye ta. Ko gyaran bindiga ma sai da izini.

Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san hanyar Jos. Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙasar Tudun Wada da Doguwa, an sha jin ɓarayin shanu da masu tare hanya sun fake a cikinsa, kuma direba da makiyayi da ɗan kasuwa su ne suka ɗanɗana. Doguwar bindiga ana hangenta daga nesa, amma ƙarama tana shiga cikin buhun masara ko ƙarƙashin riga, ta wuce Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru ba wanda ya sani. Wanda ya saye ta don sha'awa ba shi da tabbacin hannun da za ta faɗa idan aka fasa ɗakinsa, ko ranar da magada suka raba kayansa.

Malamai kuwa sun riga doka faɗar wannan. Fuƙaha'u sun hana sayar da makami a lokacin fitina, ko ga wanda ake zaton zai yi ɓarna da shi, domin toshe ƙofar sharri tun kafin a shiga. Hadisi kuma ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Saboda haka wajibi ne malami ya tunatar da almajiransa a zaure, ɗan kasuwa kuma ya ƙi hajar da ribarta jinin Musulmi ne, ko da an rantse masa tsohuwa ce ba ta tashi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya tsare matafiya, ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a ƙofar Bebeji, amin.

Tamat.