Ragar robar da ake binnewa a ƙarƙashin titi: abin da ya kamata jama'a su sani

Wanda ya saba tsayawa kallon aikin titi ko na gada a 'yan shekarun nan, mai yiwuwa ya ga ana sauke wasu manyan naɗe-naɗe daga mota, wasu baƙaƙe masu ido-ido, wasu farare ko ruwan toka masu kaurin bargo. Leburori su warware su a ƙasa, tifa ta juye tsakuwa ko jar ƙasa a kai, rola ta bi ta danne, daga nan ba mai sake ganinsu. 'Yan kallo kan rabu gida biyu. Wasu su ce ɗan kwangila ya samo hanyar cin kuɗin siminti da rodi, leda yake binne wa mutane. Wasu kuma su ɗauka an kawo maganin lalacewar titi har abada. Duka biyun sun yi kuskure, amma kuskuren na biyun ya fi haɗari, domin shi ne ke sa mutane su saki jiki.

Waɗannan kaya na roba ne da aka ƙera musamman don a haɗa su da ƙasa. Akwai mai kama da ƙyalle, wanda injiniyoyi ke kira jiyotekstayil, akwai ragar da suke kira jiyogirid, akwai mai aljihu-aljihu da ake buɗewa a cika da yashi ko tsakuwa, sai kuma leda mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, da ake shimfiɗawa a madatsun ruwa da wuraren zubar da shara. Kowanne da aikinsa, kuma sa ɗaya a gurbin ɗaya na daga cikin hanyoyin da ake ɓata aiki.

Dalilin sa su kuwa tsohon sani ne. Ƙasa tana jure danni, amma ba ta jure ja. Ka ɗora mata nauyi daga sama, sai ta nemi bajewa ta gefe, ba kuma abin da ke riƙe ƙwayar yashi da 'yar'uwarta sai guga. Maginin Hausa ya san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa ba ya kwaɓa ƙasar gini sai da ramno: ciyawar ce ke riƙe ƙasar kada ta tsage. A Aƙar Ƙuf, kusa da Bagadaza, akwai wata tsohuwar hasumiyar tubalin laka da ta haura shekara 3,000, wadda aka jera tabarmin kara tsakanin sahun tubalanta, kuma har yau ragowarta na tsaye. Wasu sassan Babbar Ganuwar Sin da ke yankin hamada ma da kara da rassan itace aka ƙarfafa su. Abin da zamani ya ƙara shi ne lissafi, da kayan da gara ba ta ci, danshi kuma ba ya ruɓar da su. A shekarun 1960 wani injiniyan Faransa, Henri Vidal, ya fito da tsarin jera siraran ƙarafa a cikin cikon ƙasa don ta tsaya a miƙe. A ƙarshen shekarun 1970 Brian Mercer ya ƙirƙiro ragar roba a Ingila, a daidai lokacin da injiniyoyin sojan Amurka ke gwada mai aljihun don manyan motoci su iya bi ta kan yashi.

Idan an shimfiɗa ragar aka zuba tsakuwa, duwatsun kan faɗa cikin idanunta su maƙale. Nauyi ya zo daga sama, tsakuwar ta so bajewa, raga ta riƙe. Ana yin wannan hawa-hawa: raga, ciko, danna, raga, ciko, danna, galibi da tazarar da ba ta wuce santimita 40 zuwa 60 ba tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Da haka ake tayar da bango mai tsayin mita da yawa da ƙasa zalla. Bangon nan mai fale-falen siminti da ake gani a gefen hawan gadar sama, da yawansu haka aka yi su. Falen da ido ke gani kaurinsa bai kai taƙi guda ba, fuska ce kawai. Ƙarfin yana can baya, cikin ƙasar da aka ɗinke da raga ko ƙarfe.

Shi kuwa ƙyallen, babban aikinsa raba tsakani da tacewa. A wuraren da ƙasa ke da laka, kamar baƙar ƙasar nan ta yankin tafkin Chadi, wajen Dikwa da Gamboru Ngala, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, matsalar titi daga ƙasa take farawa. Duk tirelar da ta wuce tana danna tsakuwa cikin laka, lakar kuma tana tsartuwa sama cikin tsakuwa, har a wayi gari an rasa wace ce wace. Ƙyallen yana hana wannan cakuɗuwa, yana barin ruwa ya wuce, ya tare ƙasa. Amma fa ba ya hana baƙar ƙasa kumbura. Wannan sai an nemo masa wani magani, ko a kwashe ta, ko a gauraya ta da farar ƙasa, a kuma kore ruwa daga jikin titin. Duk wanda ya ce shimfiɗar roba kaɗai ta gama da wannan ƙasa, tallar kayansa yake yi.

Wani masani a Amurka, Robert Koerner, tare da ɗansa George, sun tattara bayanan bango 320 na ƙasa da aka ƙarfafa da roba waɗanda suka rushe ko suka karkace, suka wallafa a 2018. Kusan dukkansu na 'yan kasuwa da ɗaiɗaikun mutane ne, ba na hukumomin tituna ba. Kusan kashi uku cikin huɗu an cika bayansu da ƙasa mai laushi ko yumɓu maimakon yashi da tsakuwa, kuma kusan kashi biyu cikin uku ruwa ne sanadin faɗuwarsu. Laifin kusan gaba ɗaya na zane ne ko na gini, ba na masana'antar da ta ƙera robar ba. Wato dai kayan sun yi abin da aka ce za su yi, mutane ne suka gaza. Dalilin a fili yake: kawo yashi mai kyau daga nesa kuɗi ne, ƙasar da aka haƙo a wurin kuwa kyauta ce. Yumɓu yana riƙe ruwa, ruwan ya ƙara nauyi, ya rage gugar da ragar ta dogara da ita, sai bango ya fara ciki.

Mafi girman misali shi ne na filin jirgin saman Yeager da ke birnin Charleston a jihar West Virginia ta Amurka. An tayar da gangare mai tsayin kusan mita 74 da ragar roba don a ƙara wa titin jirgi fili, aka kammala a 2006, aka yi ta nuna shi a matsayin abin alfahari. Bayan wasu shekaru tsagewa ta fara bayyana a samansa. Ran 12 ga Maris 2015 ya zame gaba ɗaya, ya danne wani coci, ya rufe hanya, ya toshe rafin da ke ƙasa har ruwa ya shiga gidaje. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Masu bincike sun nuna yatsa ga wata shimfiɗar ƙasa mai rauni da ke ƙarƙashin ginin, da kuma gajarta ragar da aka yi a sassan ƙasa lokacin gini. Wannan a ƙasar da ke da masu sa ido da ɗakunan gwaji ke nan. Ina ga wurin da ba mai duba komai?

Tunda kayan binne su ake yi, damar jama'a ta sa ido ɗaya ce tak, wato lokacin da ake aikin, kuma ba sai mutum ya yi karatun injiniya ba. Naɗin da aka jibge a rana wata da watanni babu murfi ya riga ya fara mutuwa, domin hasken rana shi ne babban abokin gabar roba, shi ya sa ƙa'ida ta ce a rufe shi da ƙasa cikin mako biyu zuwa huɗu da shimfiɗawa. Duba ko an miƙar da shi sosai ko an bar shi a cukurkuɗe, domin ragar da ba a ja ba sai ƙasa ta motsa kafin ta fara riƙewa. Inda shimfiɗa biyu suka haɗu, ya kamata ɗaya ta hau kan ɗaya da aƙalla santimita 30, a ƙasa mai taushi ma har kusan mita guda. Tifa ko katafila ba sa hawa kan raga tsirara, sai an zuba ciko. Ciko kuma kaɗan-kaɗan ake zuba shi ana dannewa, ba a tara tudu guda a bi samansa da rola sau biyu a ce an gama ba. Abu mafi muhimmanci: ina ruwa zai bi? In ba ka ga tsakuwa a bayan fuskar bangon ba, ba ka ga bututun fitar da ruwa a gindinsa ba, ba ka ga magudana a samansa ba, to akwai abin tambaya. Tambayar a kai ta ga injiniyan da ke kula da aikin, ta hannun mai unguwa ko kansila, ba leburan da aka sa shi ba.

Bayan an gama aiki an tafi kuma, ɓarnar takan fito daga hannunmu. Ragar da ke riƙe da bango takan shiga cikin ƙasa da tsawon aƙalla kashi bakwai cikin goma na tsayin bangon. Bango mai mita 5, ragarsa ta kai mita 3.5 zuwa baya, ko fiye. Mai gida ya ga fili shimfiɗe a bayan bango, ya kira masu haƙa su tona masa shadda ko rijiya ko harsashin shago. Su ci karo da wata baƙar roba, su sa wuƙa su yanke, su ci gaba. Gobe su sake tarar da wata, su yanke. Sun tsinke jijiyoyin bangon ke nan, kuma shaddar za ta riƙa ɗura masa ruwa daga ciki. Ba ranar zai faɗi ba, shi ya sa in ya faɗi bayan damina biyu ba mai tuna masu haƙan. Masu binne bututun ruwa da wayar lantarki ma haka suke yi.

Wuta ita ce ɓarna ta biyu. Wasu daga cikin robobin nan suna narkewa a zafin da bai wuce digiri 130 zuwa 165 ba, wutar tayar mota kuwa ta ninka haka sau da yawa. Ƙona bola a gindin bango ko a gangaren da aka lulluɓe da raga yana iya cinye wurin da ragar ta kama fuskar bangon. Sai masu yankar abin da ya leƙo waje su yi shingen kaji ko rufin rumfa, da masu kwasar yashi a gindin gangare, da masu cusa shara a bututun fitar da ruwa. Kowannensu yana ganin ɗan abu ne ya ɗauka.

Ga waɗanda zaizayar ƙasa ke ci wa gida, irin abin da mutanen Gombe suka daɗe suna fama da shi, buhun yashi shi ne abin da hannu ke kaiwa. Ba laifi ba ne, buhun taki da na shinkafa dangin wannan roba ne. Injiniyoyin Japan ma sun mayar da shi dabarar gyaran hanyoyin karkara, an yi amfani da ita a Kenya da wasu ƙasashen Afirka: a cika buhu daidai misali, a ɗaure, a jera, a daddake shi da madaki, sannan a rufe da ƙasa. Rufewar ita ce mukan manta. Buhun da aka bari a rana, kafin shekara ta zagayo za ka taɓa shi ya zama gari, yashin ya bi ruwa. A rufe shi, a dasa jema ko wata ciyawa mai dogon saiwa a kai, a kuma san cewa wannan na ƙaramin kwari ne. Kwarin da ya fi tsayin mutum ba aikin gayya ba ne, na injiniya ne. Haka kuma mai shirin tayar da bangon riƙe ƙasa a filinsa kada ya sayi raga a kasuwa don kawai ta yi kama da wadda ya gani a aikin gwamnati. Ragar shingen kaji da ta gini a ido kusan ɗaya suke, amma ta gini tana zuwa da takardar gwajin ƙarfinta, kuma injiniya ba ya dogara da dukan ƙarfin da aka rubuta, saboda roba tana miƙewa a hankali in ta daɗe ɗauke da nauyi.

Irin wannan gini yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi. Fuskar bango ta yi ciki ko ta karkata, fale-falen su buɗe baki yashi na zubowa ta tsakaninsu, tsaga ta fito a ƙasan sama tana bin tsawon bangon, kwalta ta lotsa a bakin gada, ko ruwa mai launin ƙasa ya riƙa tsattsafowa bayan an ɗauke ruwan sama. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya cike tsagar da siminti ya yi shiru. A janye yara da masu kasa kaya daga gindin wurin, a ɗauki hoto da waya, a kai rahoto ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ayyuka ta jiha a rubuce, tun kafin ruwan Agusta ya sauka.