Haruffa masu kauri da suka karkata

Wanda ya fara karatu yakan buɗe jarida ya tarar da wasu haruffa baƙi ƙirin, masu kauri, sun karkata dama kamar karan hatsi cikin iska. Sai ya ja da baya, ya ce malam bai koya masa waɗannan ba. Ai su ne dai na kan allo, riga kawai suka sake.

Manyansu suna da ƴan ƙafafu a ƙasa. Ƙananan kuwa suna lanƙwasa wutsiya kamar rubutun alƙalami, don rubutun hannu aka kwaikwaya. A birnin Benis na ƙasar Italiya aka fara buga littafi da karkatattun haruffa, cikin shekarar 1501. Masu kauri sun zo daga baya, saboda takardun talla da ake karantawa daga nesa.

Wuri biyu ke ruɗa sabon mai karatu. Harafin a yakan dunƙule, ya koma kamar o mai sanda a gefe. Ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuma takan toshe idan tawada ta yi yawa. Nan sai a duba da kyau, kada baƙi ya zama baki.

Ba a cika shafi da su, suna gajiyar da ido. Aikinsu kan labari ne, ko ranar taro, ko gargaɗi. In an gan su a jikin kwalin maganin ƙwari, su za a fara karantawa kafin a buɗe.