Farfesa Ibrahim Garba da Zinariyar Zamfara

Duk wanda ya tashi daga Ƙauran Namoda ya nufi Shinkafi, yana tafe ne a kan iyakar ƙasa iri biyu, ko da bai sani ba. Ƙaura da Zurmi suna zaune bisa tsofaffin duwatsu masu tauri, irin waɗanda jijiyoyin zinariya ke ratsawa a sassa da dama na Zamfara. Idan aka doshi Shinkafi kuwa, sai yashi da yumɓun yankin Sakkwato su fara lulluɓe su.

Daga cikin 'yan Arewa da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen nazarin irin waɗannan duwatsu akwai Farfesa Ibrahim Garba. An haife shi a shekarar 1957 a Riruwai ta Jihar Kano, garin da kuza ta fito da sunansa, don haka ba abin mamaki ba ne da ya karanci kimiyyar duwatsu da ma'adinai a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya yi digirin digirgir a Landan, ya komo gida ya ci gaba da koyarwa. Bincikensa ya fi karkata ga asalin zinariyar Arewa maso Yamma, musamman ta Bin Yauri, wadda ya danganta da motsin ƙasa na kimanin shekaru miliyan 600 da suka shuɗe. Ya shugabanci ofishin tarayya mai ba da lasisin haƙar ma'adinai, ya riƙe jami'ar Wudil, sannan ya jagoranci jami'ar da ta yaye shi daga 2015 zuwa 2020.

To amma ina wannan ilimi yake? Yana ƙunshe cikin mujallun Turanci, waɗanda mai diga da shebur bai taɓa jin labarinsu ba. Masana sun daɗe da sanin cewa dalma kan zauna tare da zinariya a dutse guda. Da ace an isar da wannan jimla ɗaya tak cikin Hausa, ta rediyo da masallatai, wataƙila da ba a riƙa niƙa dutsen a tsakar gida ba. A shekarar 2010 gubar dalma ta halaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura ta zaunar da masana duwatsu da masana harshe wuri guda, su fitar wa mahaƙa ɗan littafin gargaɗi, da boko da ajami.