Dara, Langa Da Dambe A Cikin Waya: Ina 'Yan Fim Suke?

Daga Wakilinmu a Kazaure

DUK wanda ya zaga Kazaure da yamma zai ga abin da na gani. Matasa ne zaune gungu-gungu a bakin shagon cajin waya, kowa ya duƙufa a kan tasa, ba mai ce da wani uffan. Da can irin wannan taron na gidan kallo ne, ana jiran a saka kaset ɗin Sangaya ko Wasila. Yanzu kuwa Free Fire ne da PUBG. Haka abin yake a Roni da Gwiwa, haka ma a Babura can bakin iyakar Nijar. Kuɗin data na tafiya, amma ko sisi bai shiga aljihun furodusa ko marubucin Hausa.

To, bari in yi wa masu karatu bayanin wani nau'in wasa da na ke ganin ya fi kusa da sana'ar fim. Shi ne wanda mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya yi yawo cikin wata duniya mai labari, tare da dubban mutane ta intanet. RuneScape na 2001 da World of Warcraft na 2004 su ne sanannu. A cikin irin wannan babban wasan akwai ƙananan wasanni, inda ɗan wasa ke ɗan ratsewa daga babban labari ya huta, ya samu lada. Kamar dai yadda ake saka waƙa ko barkwanci a tsakiyar fim. Kuma kar a raina su. A cikin The Witcher 3 na 2015 an saka wani wasan kati mai suna Gwent, mutane suka so shi har sai da kamfanin ya fitar da shi a matsayin wasa mai zaman kan sa.

Yanzu ku ɗauka an gina irin wannan duniyar a kan ƙasar Kazaure. Ga duwatsu, ga dam, ga fadar sarki, ga tarihin Ɗantunku wanda ya kafa masarautar. Labari ba zai yi wahala ba, marubutan mu sun iya. Tambayar ita ce: me jarumi zai yi in ya shiga kasuwa ko dandali?

Ni dai dara na fara kawowa. Ramuka 30 ne, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Ana fara jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa rami guda, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawar sa. Ƙa'idar ba ta da yawa, amma wallahi dattijo zai zaunar da kai tun la'asar har magariba ba ka ci shi ba. Abin da ya sa na fi son ta shi ne ba ta buƙatar zane mai nauyi ko intanet mai ƙarfi. Ƙaramar waya ma za ta ɗauka, kuma wanda ya san yadda sabis ke yi a ƙauyukan Gwiwa ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. A saka wani tsoho a gindin bishiya, a ce jarumi ba zai samu labarin hanya ba sai ya ci shi dara. In ya yi gaggawa, dara ta ci gida.

Langa kuma ta 'yan ƙungiya ce. Kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle, ana ture juna, wanda ya saki ƙafa ya fita. Wannan ta dace da abokai biyar-biyar, unguwa da unguwa. Dambe ba sai an faɗa ba: hannu ɗaya ɗaure, ɗaya na kariya, turmi uku, ga kalangu na tashi. Masu kallon sa a YouTube sun riga sun cika duniya. Sai dai in za a yi, a ɗauko makaɗan gaske a biya su, kar a cika mana kunne da fiyano kawai.

'Yan mata fa? Su ne rabin masu kallon finafinan mu, amma kullum sai a manta da su. Carafke na nan, 'yar gala-gala na nan, duka biyun wasa ne da zai zauna daram a kan fuskar waya. Tashe kuwa a ajiye shi sai azumi, ya buɗe na 'yan kwanaki ya rufe, yadda kowa zai riƙa ɗokin sa.

Wani zai ce mafarki na ke yi. Amma a Kamaru wani kamfani mai suna Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan jarumta da aka gina kan al'adun Afrika. Mu ma a nan Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar koyon kwamfuta ta Jihar Jigawa. Yaran da suka iya rubuta manhaja suna nan. Abin da ba su da shi shi ne labari, da murya, da kiɗa, da jari, waɗanda duk suna hannun 'yan industiri a Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Abu ɗaya ne ke ba ni tsoro. Da yawan wasannin waje suna sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da za ka samu ba. A nan da an ji ƙanshin caca iyaye za su ƙwace waya, malamai su hau mumbari, kuma da gaskiyar su. 'Yan fim sun san yadda aka sha da su a Kano a 2007 da aka dakatar da shirya finafinai. Duk furodusan da zai saka kuɗin sa a nan, gara ya sayar da rawani da doki da kayan kwalliyar jarumi a kan farashi sananne, ya bar dara kyauta.