Shukar tukunya a bazara: taki da harbin rina

A Maradi da Damagaram zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, kuma shukar tukunya ce ta fi jigata, domin ƙasarta kaɗan ce, ban ruwa kuma yana wanke abincinta. Idan ganyen ƙasa na tattasai ko yakuwa ya ɗashe ya koma rawaya, galibi yunwa ce.

A zuba mata ruɓaɓɓen takin awaki tafi ɗaya, bayan an jiƙa ƙasar da yamma. A guji ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa. A huda gindin tukunya don kada ruwa ya kwanta.

Rina ma tana neman ruwa da inuwa, don haka a duba kafin a kai hannu. Idan ta yi harbi, ba ta barin ƙari a jiki kamar ƙudan zuma. A wanke wurin da sabulu, a ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle na minti 10. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.