Harsashin Kamfani da Bindigar Toka: Abin da Kimiyya Ke Gaya wa Maharbi

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai maharban Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe su saɓi bindigoginsu su nufi daji neman zomo da gada da zabin daji. Galibinsu bindigar toka suke riƙewa, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, maƙerin gari ne ke ƙera ta da bututun ƙarfe, ana ɗura mata albarushi ta baki. Takwarorinsu na Amurka da Turai kuwa kanti suke shiga su zaɓi harsashin da kamfani ya riga ya haɗa. Ko da yake nisan da ke tsakanin maharban biyu ba kaɗan ba ne, ƙa'idojin kimiyyar da ke aiki a cikin bindigoginsu iri ɗaya ne, kuma rashin saninsu kan jawo asarar hannu, ko ido, ko ma rai.

Yadda Harsashi Yake

Harsashin kamfani sassa huɗu gare shi: kwanson tagulla, da ɗan ƙyastu a gindinsa, da albarushi a ciki, sannan ƙwayar da ke fita. Idan aka ɗana kunama, ƙyastun ya kunna albarushi, shi kuma ya rikiɗe ya zama iska mai zafi wadda ke neman mafita, sai ta ingiza ƙwayar ta cikin bututu.

A shekarar 2001 kamfanin Winchester na Amurka ya fito da wani harsashin farauta mai suna .300 WSM, wato gajeren magnam. Tsawon kwansonsa milimita 53 ne, alhali na magabacinsa, .300 Winchester Magnum na 1963, ya kai kusan 67. Sai dai gajeren ya fi kauri, don haka albarushin da yake ɗauka bai gaza na dogon da yawa ba. Hikimar ita ce, idan albarushi ya taru kusa da ƙyastu, yakan kama kusan bai ɗaya, sannan bindigar kanta takan zama gajera marar nauyi.

Mai sayen irin wannan harsashi yakan tarar da ƙwaya mai nauyin giram 9.7 wadda ke fita da gudun kusan mita 1,000 a daƙiƙa, da kuma mai giram 11.7 wadda ke yin kamar mita 900. Ɗalibin kimiyya zai iya gwada lissafin da kansa: ƙarfin abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa da ma'aunin kilogiram, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Ta farko za ta ba da jul 4,850, ta biyu kuwa kusan 4,740. Ke nan ƙarfinsu ya yi kusan daidai, amma aikinsu ya bambanta. Marar nauyin ta fi tafiya a miƙe, mai nauyin kuma ta fi ratsa jikin babbar dabba. Saboda haka zaɓi ya danganta ne ga dabbar da ake nema. Wanda ya harbi zomo da irin wannan, da wuya ya sami abin sa wa a tukunya.

Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya

Babban darasi ga maharbin gida yana cikin albarushi. Baƙin albarushi, wanda aka fara sani a ƙasar Sin tun ƙarni na 9, ba ya ƙonewa duka. Fiye da rabin nauyinsa hayaƙi ne da toka. A shekarar 1884 wani masani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda kusan dukkansa ke komawa iska. Shi ne a cikin harsasan kamfani na zamani. Matsin da yake haddasawa a cikin .300 WSM yana iya ninka na iskar tayar mota kusan sau 2,000, shi ya sa ake yi wa bindigarsa ƙarfe na musamman, a kuma jarraba ta kafin a sayar.

Bututun bindigar toka ba a yi shi don wannan matsi ba. Duk wanda ya farke harsashin kamfani ya juye albarushinsa a cikin adaka don neman ƙarin ƙarfi, ya ɗana wa kansa tarko ne, domin bututun na iya tarwatsewa dab da fuskarsa. Masu iya magana sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Ko a bindigar kamfani, ba a sa mata sai harsashin da aka hatimce sunansa a jikinta.

Dalma a Cikin Nama

Zaɓi na biyu shi ne ƙarfen da aka yi ƙwayar da shi. Dalma ta daɗe tana wannan aiki saboda nauyinta da taushinta, amma guba ce. Idan ta bugi ƙashi takan farfashe ta bar ɓurɓushin da ido ba ya gani a cikin nama, dafuwa kuma ba ta kawar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Mutanen wannan yanki ba baƙin labarinta ba ne: a 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara.

Abin da ke cikin naman farauta bai kai wancan yawa ba, amma yana taruwa a jiki sannu a hankali. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991, jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta a 2019. Kamfanoni sun samar da ƙwayar jan ƙarfe zalla a madadinta. Maharbin da bai da wannan zaɓi, abin da ya kamata shi ne ya yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa ya binne shi, kada a ba yara ko mai juna biyu, kada kuma a narka dalma a inda ake girki.

Kammalawa

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai riƙe da bindiga, ta kuma bai wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon wajabta shi ga bindigar toka. Bayan bin doka, sai bin ilimi. Ɗalibin da mahaifinsa ko yayansa maharbi ne yana da saƙo biyu da zai kai gida: kowace bindiga da albarushin da aka yi ta dominsa, kuma naman da dalma ta ratsa sai an gyara shi kafin ya shiga miya.