Katakon da ke waje: kada ƙyallin banish ya ruɗe ka

Alhajin da ya taɓa samun sararin zaga tsohon garin Jidda, wanda mutanen can ke kira Al-Balad, ya ga tagogin nan na katako da suka turo ƙirji daga jikin gidaje, wasu tun daga hawa na ɗaya har ƙololuwar bene. Rawashin ake ce musu. Attajiran garin ne suka gina akasarin waɗannan gidaje bayan buɗe mashigin ruwan Suwez a 1869, lokacin da jirage suka yawaita a Bahar Maliya, fatauci ya haɓaka. Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, an kammala shi tun 1881. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar darbejiya da ake cewa a da ita kaɗai ce bishiya a garin. Wato Jidda ba ta da dajin da za a yanko katako. Ta teku ake kawo shi, daga Indiya da tsibirin Jawa, kuma wanda aka fi daraja shi ne tik, icen da Allah ya hore wa mai a jikinsa, ruwa ba ya saurin cinsa, gara ba ta marmarinsa.

Amma duk da ingancin icen, gidajen da masu su suka tashi suka bari sun lalace. Tagogi sun dusashe, sun tsage, wasu sun zube. Hukumar UNESCO ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma a 2019 gwamnatin Saudiyya ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56. To idan tik ya buƙaci kulawa, ina ga farin katakon da muke sayowa a kasuwa mu yi ƙofar gida, ko rumfa, ko bencin ƙofar shago?

A Jidda rana ce babbar abokiyar gaba. A Yunin 2010 zafin garin ya kai digiri 52. Sai dai ba zafin kaɗai ke ɓarna ba. Cikin hasken rana akwai wanda ido ba ya gani, shi ne ke narkar da wani sinadari mai suna lignin da ke riƙe zaren katako wuri ɗaya. Da ya tafi, sai fuskar katako ta yi furfura, ta riƙa tashi zare-zare. Sannan ga laimar teku mai gishiri. Da dare katako ya sha raɓa ya kumbura, da hantsi rana ta gasa shi ya tsuke, kullum haka, har ya fara tsagewa. Ruwan sama kaɗan ake yi a shekara, amma ran da ya zo yakan zo da ƙarfi. Mutanen garin ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba.

Abin da akasarin mutane ke yi, a can da nan gida, shi ne su ce wa kafinta ya buga banish ya yi ƙyalli. Ranar farko kam sai ka rantse madubi ne. Kyan ɗan maciji ke nan. Banish ba ya shiga cikin katako, a sama yake kwanciya ya bushe, kamar an naɗe abu da leda. Katako yana motsi a ƙarƙashinsa, shi kuwa ya sandare, don haka sai ya tsage. Ruwa ya bi ta tsagar ya shige, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana haifar da fumfuna da ruɓa. Daga nan banish ya fara ɓarewa. Kuma abin takaicin, ba a shafa sabo a kan wanda ya ɓare. Sai an kankare tsohon duka da samfefa, aikin da sau da yawa ya fi na farko tsada. Mafi muni shi ne banish ɗin da aka yi don kujerun falo da gadaje, wanda wasu kafintoci ke shafa wa ƙofar waje don shi ne a hannu. Wannan ko shekara ba lallai ya kai ba a gaban rana. Akwai banish na jiragen ruwa mai ɗan laushi da juriya, amma yana son shafi da yawa da sabuntawa a kai a kai, kuma kaɗan ne cikinmu ke da wannan haƙurin.

Abin da na fi ba da shawara a kai shi ne rinin katako na waje, wato mai ko ruwa mai launi wanda katako ke tsotsewa. Tun da a ciki yake zama, ba ya ɓarewa. A hankali yake dusashewa. Idan lokacin sabuntawa ya yi, a wanke, a bari ya bushe, a sake shafawa, shi ke nan. Sai dai a kula da abu guda: launin shi ne garkuwar. Ƙwayoyin launin, waɗanda galibi daga sinadarin tsatsar ƙarfe ake yin su, irin wanda ke sa jar ƙasa ta yi ja, su ne ke tare hasken nan mai ɓarna. Rini marar launi yana hana ruwa na ɗan lokaci, amma rana na ratsa shi. Mai ɗan launi, wanda ake iya hango zanen icen ta cikinsa, shi ne tsaka-tsaki mai kyau. Mai kauri sosai ya fi tare rana, sai dai ya kusa zama fenti, kuma yana iya ɓarewa irin na fenti. A wuri kamar Jidda, ko Sakkwato da Maraɗi a watan Afrilu, a guji baƙi da duk launi mai duhu ƙwarai, domin yana tara zafi, katako ya fi saurin tsagewa. Ruwan zuma ko ruwan ƙasa ya wadatar.

Fenti ma ba laifi ba ne, musamman a kan katako mai araha wanda ba shi da zanen da za a yi ado da shi. Rawashin da yawa kore ne ko shuɗi. A dai yi shafin share fage kafin fentin, kuma a tabbata fentin na waje ne.

Wani abu da ke ruɗar masu saye shi ne gwangwanin da aka rubuta wa man tik. Ba daga icen tik ake tatso shi ba. Haɗi ne na wasu mayuka da tina, kuma a waje ba ya daɗewa. Ba zai mai da farin katakon da ake shigowa da shi daga Turai ya zama tik ba. Kakanninmu sun san darajar zaɓen ice tun kafin gwangwani: da za su yi rufin soro, azarar giginya suka nema, don gara ba ta cinta. Zaɓen ice ne farko, shafi na biye. Wanda ke da halin loko ko maɗaci don aikin waje, kada ya yi ƙwauro. Araha ba ta ado.

Ko rinin ya kai inganci, mummunan shafi na ɓata shi. Kada a shafa wa ɗanyen katako. Ruwan da ke ciki zai turo shi waje. Kada a shafa da rana tsaka, domin zai bushe a sama kafin ya shiga. Bayan raɓa ta ɗauke da safe, ko bayan la'asar, a inuwa. Bakin katako, inda zarto ya yanka, nan ne ƙofar ruwa, yana sha ninkin-ba-ninkin abin da gefe ke sha, kuma nan ne kafinta mai gaggawa ke tsallakewa. Ka tsaya a kansa ka ce, “Malam, a ƙara wa bakin nan, a shafa bayan ma kafin a kafa.” Abin da katako bai shanye ba, a goge shi da tsumma, in ba haka ba zai yi danƙo ya kama ƙura. Ƙafar benci ko ginshiƙin rumfa kada ya zauna a kan ƙasa kai tsaye, a ɗora shi kan siminti ko ƙarfe. A bakin teku kuma ƙusa ta gama-gari tsatsa take yi, ta zubo baƙin hawaye a jikin katako, ta saki. A nemi irin wadda ba ta tsatsa.

Yanzu ga inda maganar ta shafi lafiya da rai. Al'adar nan ta shafa baƙin man mota a katako don korar gara ta yaɗu a garuruwanmu. Man da inji ya ƙona yana ɗauke da dattin ƙarafa da sinadarai masu jawo sankara. Yara na zama a kan bencin da aka shafa wa, ruwan sama na wanke man zuwa ƙasa, wani gidan ma rijiya na kusa. Rini ba maganin gara ba ne, gaskiya. Amma akwai magungunan da aka yi don wannan aiki, irin su Solignum da kafintocinmu suka sani, kuma su ake fara shafawa, da safar hannu, a sarari, a bari su bushe. Katakon da aka dafa da magani tun daga masana'anta, wanda yakan yi kore-kore, kada a kuskura a hura wuta da guntayensa, balle a gasa tsire ko masara. Wani irinsa na ɗauke da gubar asenik, abin da ya sa Amurka ta daina amfani da shi a yawancin ayyukan gidaje daga ƙarshen 2003. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, don haka mai kankara ya rufe hanci, a kori yara daga wurin.

Sai tsumman da aka goge mai da shi. Wasu mayukan katako suna fitar da zafi yayin da suke bushewa. Idan aka dunƙule tsumman aka jefa a kwali ko cikin garin zarto, zai iya kama wuta da kansa cikin dare, ba ashana ba sigari. A shanya shi a buɗe a waje har ya bushe, ko a nutsar da shi cikin bokitin ruwa.

Ba wani gwangwani da zai raba ka da sabunta shafi, ko me mai shago ya ce. Ɓangaren da ke kallon yamma ko kudu shi ke fara gajiya. A Jidda a duba kafin zafin bazara ya kankama. A Kano, Katsina da Zariya kuwa, a duba bayan hunturu ya gama busar da katako, kafin ruwan farko ya sauka. Gwajin ba ya cin ko sisi: yayyafa ruwa a jikin katakon. Idan ya tsaya ɗigo-ɗigo, da sauran kwana. Idan ya nutse nan take, wurin ya yi duhu, a nemo burushi.